Rasuwar 'Yar Ja, Tukunyar Kashe Gobara

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, Alhaji Namadi, mai benen shagunan nan na bakin hanyar Jega a Tambuwal, yana sanar da 'yan uwa da 'yan haya da abokan ciniki rasuwar 'Yar Ja, tukunyar kashe gobarar da ke rataye a gindin matakala. An tabbatar da rasuwar ranar Laraba da hantsi. Ainihin ranar da ta cika kuwa, ba wanda ya sani.

Marigayiya ta zo gidan daga Sakkwato a shekarar da aka gama hawa na sama. Duk wanda ya zauna da ita ya shaide ta da haƙuri. Ba ta taɓa neman mai ba, ba ta taɓa neman hutu ba. Janareta ya yi ta tari, fanka ta yi ta kuka, ita tana tsaye a inda aka ajiye ta. An rataya mata hula, an rataya mata makullai, Ɗangiwa mai shagon katifa ya mai da wuyanta ma'ajiyar lema, ba ta ce kanzil ba.

Sau ɗaya tak aka ji muryarta da ƙarfi. Wata Juma'a ce, maza duk suna masallaci, aka kawo wutar lantarki da ƙarfi, waya ta yi tartsatsi a shagon Ɗangiwa. Katifa ta kama. Matakalar benen ta ƙofar shagon take bi, a sama kuma akwai Maimuna tela da jaririnta, ba wata hanyar sauka. Inna Tambaya mai tuwo ce kaɗai a ƙofar gida. Ba ta taɓa taɓa 'Yar Ja ba, amma ta taɓa ganin yadda ake yi. Ta sauke ta, ta zare fil ɗin, ta matsa.

Marigayiya ta ce, "Fuuuuu."

Ba ta yi shiru ba sai da wutar ta mutu. Maimuna ta sauko da goyo, ita da yaron fari fat da hoda kamar sun fito daga injin niƙa. Yaron nan yanzu da ƙafarsa yake zuwa makaranta.

Alhaji da kansa ya kai ta Sakkwato aka sake cika ta. Can aka gaya masa ya riƙa duba ɗan agogon da ke wuyanta kowane wata, ya tabbata allurar tana kan kore, ya kuma kawo ta duk shekara a duba cikinta. Ya ji. Sai dai a ganinsa, wadda ta yi irin wannan aiki ta wuce a riƙa yi mata binciken ƙwaƙwaf. Ya rataye ta yadda rubutun jikinta zai fito sosai, agogon ya koma yana kallon bango. Kullum da safe, kafin ya buɗe ofis, sai ya goge mata kafaɗa da hankicinsa. Ba a taɓa ganin ƙura a jikinta ba.

Ranar Laraba Malam Gazali na 'yan kwana-kwana ya zo zagayen duba gine-ginen kasuwanci. Alhaji ya tarye shi da fara'a, ya kai shi wurinta kai tsaye, yana ba shi labarin waccan Juma'ar. Malam Gazali ya saurara har ƙarshe, sannan ya juyo da ita. Allurar tana kwance a kan ja. Ya sauke ta, ya kifa ta, ya kara kunne: hodar ba ta motsa ba, ta daskare. Ya leƙa tiyon, zanzaro ya yi gini a ciki. Ya shafa gindinta, tsatsa ta zubo masa a tafin hannu.

Alhaji ya nemi a gwada ta, domin a ganinsa ba a yanke wa irinta hukunci da ido. Aka fitar da ita fili, 'yan haya suka taru. Aka zare fil, aka matsa.

Marigayiya ta ce, "Tsss."

Aka jira. Ba ta ƙara ba.

"Malam Gazali," in ji Alhaji, "a ba ta ɗan lokaci. Halama gajiya ce."

"Alhaji, sai haƙuri. Wagga ta daɗe da tafiya."

"Tun yaushe?"

"Tsatsar ga dai ba ta bana ba ce, ba ta bara ba ce."

Maimuna ta dubi matakala, ta dubi katifun da Ɗangiwa ya jera har rufi. Ta ce, "Ashe da gawa munka yi ta zama."

Alhaji ya zauna a kan benci, hankicin yana hannunsa. Inna Tambaya ta aiko masa da tuwo, aka mayar mata yadda yake.

Marigayiya ta bar bokitin yashi guda, wanda ya daɗe da komawa wurin tofar da tuƙar goro. Ta bar ƙararrawar hayaƙi a silin, wadda ba ta magana tun ranar da ta dami mutane da "cit, cit" aka cire mata batir aka sa a rediyo. Ta bar ƙofar baya, tana nan da ranta, a bayan buhunan albasa. Malam Gazali ya duba su duka, ya ce akwai sauran numfashi, ya ba da wa'adi, ya ce zai dawo. An riga an kwashe albasar.

Ta kuma bar 'yar uwarta da aka sayo su rana ɗaya, wadda ke Kebbe a shagon atamfa da turare na Najiba, 'yar Alhaji, jikin rumfar masu sayar da fetur a galan. Alhaji bai tuna da ita ba sai da yamma. Ya yi ta neman layin, da ƙyar ya shiga.

"Najiba, tukunyar ga taku, lafiya take?"

"Lafiya lau, Baba. Ko jiya na goge ta."

Za a yi sallama da marigayiya ranar Asabar bayan la'asar, a bayan gidan. Malam Gazali zai fara sauke sauran iskar da ke cikinta kafin a miƙa ta ga 'yan gwangwan, saboda haka ana roƙon jama'a su tsaya nesa kaɗan. Inna Tambaya ce za ta ɗauke ta zuwa bakin kurar da 'yan gwangwan ke turawa, bisa roƙonta. Ɗangiwa zai karɓi gaisuwa a gindin matakala, inda za a ga sabuwa rataye, fuskar agogonta a waje. Ba a buƙatar abinci. Wanda ke da irinta a shago ya juyo da ita ya duba kafin ya taho.

'Yan uwa na Kebbe kada su taso. Alhaji yana kan hanya.