Yadda Na Kare Mutuncin Dainamon Kaka

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren Anti Rabi a Argungu ba. Na yi ƙoƙarin mantawa, amma danginmu ba sa barin mutum ya huta.

Kakana tsohon direba ne. Yana da wata baƙar mota mai zagayayyun fitilu wadda ta girmi babana (ina zargin ta girmi unguwarmu ta Gesse gaba ɗaya). Gimbiya yake kiranta. Abin alfaharinsa a duniya guda ne: tun da aka ƙera ta ba a taɓa sa mata baƙon ƙarfe ba. Idan noti ya faɗi, jikoki ake tarawa a yi ta tonon ƙasa har a gano shi.

Ciwon Gimbiya shi ne dainamo, wani baƙin ƙarfe mai kama da ƙaramin turmi a gefen inji, wanda ke cajin batir. Sai mota tana gudu yake aikin kirki, shi kuwa Kaka mai keke ma wuce shi yake yi. Saboda haka kullum batir a mace, mu kuma kullum a turi.

Kawu Bello, ƙanin babana, ya yi lallashi har ya gaji. "Baba, a sa mata altaneta irin ta motocin yanzu. Ko tsaye take tana caji."

"Ranar da kas sa mata wanga abu," in ji Kaka, "ka nemi wani uba."

To, ga abin da ban sani ba a lokacin. Kawu ya yi odar wata altaneta da aka ƙera da siffar dainamo sak. Ya karɓi motar da sunan juyen mai, ya kai wa mai wayarin. Suka cire dainamon, suka ɗaura sabuwar, suka mayar mata da tsohon tambarin, suka bar tsofaffin wayoyi a wurinsu don ado. Har baƙin mai da ƙura suka shafa mata don ta tsufa. Kowa a gida ya sani, har yara masu zuwa Islamiyya. Mutum biyu kawai aka ɓoye wa: Kaka, don kada ya yi fushi, da ni, don wai bakina ya fi lasifikar masallaci kai saƙo.

Gimbiya ta warke. Murɗa makulli ɗaya ta tashi. Kaka ya ce ai dama tsohon ƙarfe ba ya mutuwa, hutawa yake yi. Ni kuma na ɗauka shafa ta da nake yi da tsumma ne ya yi aiki, har na fara amsa sunan Injiniya (ni na raɗa wa kaina).

Ranar biki muka isa Argungu ba turi ko sau ɗaya. Bayan an shafa fatiha, Kawu ya shiga cikin gida ɗauko abinci, jama'a kuma suka zagaye Gimbiya suna ɗaukar hoto. Ƙawayen amarya ma sun leƙo daga zaure. Nan take na gyara tsayuwa, na jingina da ƙofar motar kamar ni na haife ta.

Sai ga Alhaji Ummaru, dillalin kifi, abokin Kaka tun suna yara. Tsakaninsu ba gaisuwa, sai tsokana.

"Kai tsoho, yau ba a turo ka ba? Hwaɗa mini gaskiya, mi kac canza mata?"

"Ko allura ban canza ba."

"Ƙarya kakai! Motar da akuya ke riga ta zuwa kasuwa?"

Kaka ya buɗe bonet da kansa, ya nuna baƙin ƙarfen da sandarsa. "Buɗe idonka, mai ƙarnin kihi. In kas samu baƙon abu cikin motag ga, in tuɓe hulata in ba ka gaban mutane, in koma Birnin Kebbi kai tsirara."

Kaka fa ko mu jikokinsa ba mu san launin tsakiyar kansa ba.

Alhaji Ummaru ya leƙa, ya shafa, ya duba yatsansa ya ga baƙin mai. Ya fara ja da baya yana ƙunƙuni. Wallahi da na yi shiru, da an tashi lafiya. Magana ta riga ta mutu. Amma ƙawayen amarya suna kallo, ni kuma ban ce komai ba tukuna.

"Alhaji, tsaya!" na ce. "Kada ka tafi da shakka. Bari in nuna maka a kimiyyance."

Na taɓa ganin Kaka yana cire kan batir mota tana aiki, don ya gwada dainamo. Na kuma taɓa ji a gareji cewa altaneta ba ta son wannan wasan. Sai na haɗa biyun na yi lacca. Na ɗaga murya yadda za ta kai zaure.

"Jama'a, ku matso! Zan cire kan batir, Kaka zai taka totur. In dainamo ne na asali, ko a jikinsa. In kuwa altaneta ce, irin ta ragwayen motocin yanzu, a gabanku za ta ƙone ƙurmus!"

"Nuna mishi, ja'iri!" in ji Kaka. Ya shiga ya tayar da Gimbiya.

Na naɗe hannun riga. Na karɓi sifana. Na kwance notin a hankali, ina waiwayen zaure. Kaka ya taka totur har Gimbiya ta yi kukan da ba ta yi ba tun tana budurwa. Na fizge kan batir, na ɗaga shi sama kamar na ci kofi.

Wani abu ya ce tas. Injin ya yi tari ya mutu. Sai wani siririn hayaƙi ya fito daga cikin "dainamon", mai warin ƙonanniyar roba, ya miƙe sama a natse don kowa ya gani.

Daidai lokacin Kawu Bello ya fito da tiren shinkafa. Ya ga hayaƙi, ya ga abin da ke hannuna. Tiren ya tafi ƙasa.

"Innalillahi! Ɗan banza, ka ƙona mini altaneta!"

Sai da maganar ta fita ya ga Kaka. Ya kama bakinsa da hannu biyu, amma ina!

"Bello," in ji Kaka, ko ɗaga murya bai yi ba. "Mi kac ce?"

Alhaji Ummaru kuwa sai da aka riƙe shi. Dariya yake yana buga cinya. "Yaron ga malami ne! Aradu abin da yac ce shi yaf faru! Tsoho, miƙo hula!"

Na zaci Kaka zai ce ai bai sani ba, kuma kowa zai yarda. Bai ce ba. Ya fito daga mota, ya tuɓe hular ya miƙa. Sanƙonsa ya haska a rana, fari tas kamar ƙwan zabo da aka ɓare. A nan ne dariyar ta fara raguwa, ni kuma na ji kamar in shige cikin salansa.

Sai ya juyo gare ni. "Injiniya, ara mini taka."

Kafin in kare, ya zare ta. Ita kuwa hular nan tun jiya ban cire ta ba, har barci da ita na yi, saboda a ƙarƙashinta akwai askin 'yan ƙwallo da na yi a ɓoye, da zanen walƙiya a gefe guda. Babana yana tsaye a wurin. Ƙawayen amarya suna wurin. Liman ma bai tafi ba.

Alhaji Ummaru ya matso ya ƙura wa walƙiyar ido.

"Ashe ga inda wutar tak koma," in ji shi.

Daga zaure na ji wata ta ce, "Wayyo cikina!" A yammacin nan babana ya kai ni wurin wanzami, aka yi mini ƙwal-kwabo.

Abin da na koya shi ne, in mutum zai yi gwajin da zai tona asiri, ya fara tambaya ko asirin na gidansu ne. Kuma ya tabbata abin da ke ƙarƙashin hularsa zai iya fitowa bainar jama'a.