Dokin da Nake Jira Ya Girma

Shekarar da mayaƙan garin Isa suka matsa mana a Sabon Birni, na ba da saniyata na karɓo wani ɗan doki, na rantse duƙushin Azbin ne, irin dogayen dawakin nan. Kawuna ya ce, "Ɗana, duba haƙoranshi." Na ce, "Kawu, ni za a koya ma doki?"

Damina bayan damina ina ɗura mishi gero, ba abin da ya ƙaru sai ciki. Ashe ƙuru ne, irin dawakin da ba su tsawo, tsoho ma kuwa. Ran da aka buga gangar yaƙi na hau, ƙafafuna na sharar ƙasa, mayaƙanmu na dariya har da hawaye.

Yau na yi furfura, amma ko jikokina in sun gaishe ni sai sun ƙara da, "Kaka, ya girma?"