Malam Goma

Har yau ina ganin laifina ba shi da yawa, yarda da kai ce ta ɗan zarce. Ni da abokin aikina Sanusi muka rubuta wa wani Alhaji mai hatsi a Ƙofar Kaura manhajar kula da sito. Kafin a haɗa ta a kowace kwamfuta, akwai matakin da ake tambayar na'urar sunayen siginonin da take aika wa manhaja da lambar kowanne, domin lambobin sukan bambanta daga na'ura zuwa na'ura.

Na ce ɓata lokaci ne. "Sanusi, lambobin nan tun ina ɗalibi na haddace su. Ko daga barci ka tashe ni, goma ita ce ta sabunta bayani." Na goge matakin, na rubuta goma da hannuna, har da gyara zaman hula.

Ranar gwaji Alhaji ya kawo tasa kwamfutar, wadda ba irin tawa ba ce. A wurinta, goma umarni ne na kashe manhaja nan take. Na danna sabuntawa, komai ya ɓace. Na buɗe, na danna, ya sake ɓacewa.

Alhaji ya leƙo. "Malam, mi ya faru? Ina geron nawa?"

Sanusi ya rufa mini asiri, ya mayar da matakin, aikin bai kuɓuce mana ba. Amma tun ranar sunana Malam Goma. Ko lokaci aka tambaya a ofis, sai wani ya ce, "Ku bar agogo, ku tambayi Malam, ya haddace."