Gwiwar Baban Ummi

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ranar da na tsinci kaina tsaye a kan turmi a tsakar gidan surukata, mijina durƙushe a gabana cikin babbar rigarsa ta sallah, kawunsa kuma yana cewa in ɗaga murya, ba ya ji sosai. Har yau idan ina daka yaji abin ya faɗo min a rai, sai in jingine taɓarya in rufe fuska, ni kaɗai a gida.

Ni marubuciya ce. (To, mai son zama marubuciya. A aji biyu na ƙaramar sakandare karatuna ya tsaya, kada wani ya ɗauka wata babba ce ke magana.) Littafin soyayya nake rubutawa a waya, da babban yatsa ɗaya, ɗaya hannun yana tallafe da 'yata Ummi tana shan nono. Idan na gama feji sai in tura wani guruf na mata masu karatu, in zauna jiran sharhi gabana yana faɗuwa kamar wadda ta kai yaro allura. Jarumina sunansa Ya Haidar, matuƙin jirgin sama ne, maraya, mai kuɗi. Budurwarsa Nuratu. Ni kuwa jirgin da na taɓa gani kusa da kusa shi ne na ƙasa da ke ratsa Minna, sauran duk a finafinan Indiya masu fassara na san su.

A guruf ɗin akwai wata ɗaliba ta jami'ar Gidan Kwano. Ban taɓa ganinta ba, amma na tabbata ba ta ƙifta ido idan tana karatu. Ita ce ta taɓa rubuto min: "Anti, Ya Haidar ya ɗauki Nuratu ya hau bene da ita, yana riƙe da lema, yana riƙe da makullin mota, kuma ya share mata hawaye. Don Allah hannu nawa gare shi?" Na kwana biyu abinci ba ya min daɗi. Daga nan na yi wa kaina alkawari, duk abin da zan rubuta sai na gwada shi tukuna na ga ko jikin ɗan Adam zai iya.

To sai labari ya kawo inda Ya Haidar zai durƙusa ya nemi auren Nuratu da zobe. Nan na rikice. Da wace gwiwa ake durƙusawa? Zoben yana wane hannu? Idan mutum yana sanye da babbar riga, ina yake kai hannun rigar? Kuma jawabin da na tsara masa dogo ne, anya gwiwa za ta jure? Ni dai ban taɓa ganin an yi a fili ba. Lokacin da aka nemi aurena, manyan mijina ne suka je garinmu Zungeru da goro da alawa, shi kuwa kalmar soyayya mafi nauyi da ya taɓa faɗa min a zance ita ce, "Kin ci abinci?"

Baban Ummi mai walda ne, rumfarsa tana bakin titi a nan Dutsen Kura. Ranar an ɗauke wuta tun safe, sai ya dawo gida da hantsi ya miƙe a tabarma. Shi ya san ina rubutu, har yakan tambaye ni ko matuƙin jirgin nan ya sami aikin yi ban da kuka. Mahaifiyarsa, Inna, ita ce ba ta sani ba. A wurin Inna waya ita ce ta hana matan yanzu iya tankaɗe.

Na ce, "Baban Ummi, taimako za ka yi min. Ɗan durƙusawa kawai."

Ya ce, "Wa ya rasu?"

Da na yi masa bayani ya yi dariya har da tari, amma ya tashi. (Allah ya saka masa, mutum ne mai sauƙin kai, shi ya sa ma abin ya same mu.) Na ciro masa babbar rigar sallah. Zobe babu, sai ya lalubo wani ƙaramin noti na ƙarfe, mai rami a tsakiya, a aljihun wandon aikinsa. A labarin, Nuratu tana tsaye a matakalar bene ne, mu kuwa ba mu da bene, sai na kife turmi a tsakar gida na hau. A finafinai kuma idan za a yi irin wannan akwai wani farin hayaƙi da ke bin ƙasa, don haka na zuba turaren wuta a kasko na ajiye gefe. Na kunna waƙar Indiya a waya na ƙure murya. Wallahi a lokacin ban ga aibun ko ɗaya ba. Kowane abu da dalilinsa. Haɗuwarsu wuri ɗaya ce ban tsaya na duba ba.

Ya durƙusa, ya zura min notin a yatsa, ina faɗa masa jawabin yana maimaitawa. Yana cikin cewa, "Duk duniya ba ni da kowa sai ke, na ba ki ragamata ki ja ni inda kika so," sai na ga inuwa a bakin ƙofa.

Inna ce, da kwanon dambu a hannu. Ta ce ta yi sallama har ta gaji, waƙa ta hana mu ji.

Ba ta yi salati ba, ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta dubi hayaƙin, ta dubi turmin a kife, ta dubi ƙarfen da ke yatsana, sannan ta dubi ɗanta na fari a ƙasa cikin shadda ranar Laraba da rana tsaka. Ta ajiye dambun a hankali. Ta je tabarma ta ɗauki Ummi, wadda sunan Inna aka sa mata, ta goya ta. A bakin ƙofa ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ke yarinyar nan, ki haɗa kayanki. Za ki je gidanku ki zauna har sai an karya abin da kika yi. Takwarata tana wurina."

Ni fa har ta fita ban gane ba. Ina kan turmi ina tambayar Baban Ummi, "Me na yi? Me za a karya?" Shi ma bai tashi daga durƙuson ba ya ce, "Maman Ummi, dubi kanki. Dube ni." Sai a lokacin na gan mu da idon Inna. Ko ni ce na shigo gidan wata na tarar da haka, asiri zan ce.

Na diro na fara jan notin, ya ƙi fita. Na sa sabulu, na sa man gyaɗa, yatsa sai ƙara kumbura yake. Ga nono ya cika yana min tsami, ga 'yata ba ta taɓa yin nisa da ni ba. Tunani iri-iri: idan ta yi kuka me Inna za ta ba ta? Idan na isa Zungeru me zan ce wa Babanmu, an koro ni saboda matuƙin jirgi?

Bayan la'asar aka aiko mu je gidan Inna. Mun tarar da yayanta, Kawu Ɗanjuma, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, zaune a kujera da sandarsa. Mutum ne da ba ya yanke magana sai ya ga abu da idonsa. Inna tana gefe da Ummi a baya. Matan maƙwabta kuma kowace ta tuna tana da aron da za ta karɓa a gidan.

Kawu ya ce, "Kai Auwalu," (sunansa ke nan, Kawu ne ya faɗa, ba ni ba) "wa ya sa ka durƙusa wa mace?"

"Kawu, ni na yarda da kaina."

Inna ta ce, "Ai haka suke cewa."

"Wallahi Inna lafiyata ƙalau, ba ta yi min komai ba."

"Ka ji ko, Yaya? Har rantsuwa yake mata."

Duk abin da ya faɗa don ya wanke ni sai ya zama sabuwar shaida. Da ya yi shiru kuma Inna ta ce, "Ka gani, an rufe masa baki." Ni dai ina tsugune na ɓoye hannu a cikin hijabi, har Kawu ya ce in fito da shi. Ya juya yatsan, ya ce, "Wannan noti ne." Inna ta ce, "A cikin me ka ɗauka ake sawa?"

Da ƙyar na buɗe baki na ce littafi nake rubutawa. Kawu ya ce madalla, a kawo littafin. Na ce yana cikin waya. Ya ce a kawo wayar. Na miƙa, ya danna, shiru. Waƙar Indiya ta cinye cajin, unguwa kuma ba wuta.

Kawu ya dubi baƙin gilashin, ya ce, "To, tunda littafi ya mutu, ku maimaita abin da kuka yi in gani. A kawo turmi."

Na ɗauka wasa yake. Sai ga turmin Inna an mirgino. Baban Ummi bai ma cire babbar rigar ba saboda ruɗewa, kamar ya san za a sake bukatarta. Ni da ko sunan abinci ba na iya faɗa da ƙarfi a gaban Inna, ni ce na tattare hijabi na hau turminta. Ya durƙusa. Ya karanto jawabinsa yana kallon ƙasa, da irin muryar da yake faɗa wa mutane kuɗin ƙofa. Da ya kai "ba ni da kowa sai ke", na ji Inna ta ja numfashi.

Kawu ya ce, "Saura ke. Me yarinyar take cewa?"

Na faɗa a cikin maƙoshi.

"Ɗaga murya, kunnena jirgi ya cinye shi."

Na rufe ido, na ce, a gaban surukata da yayanta da rabin matan layin, "Tashi Ya Haidar, numfashina, bugun zuciyata. Ko a cikin kabari ni taka ce."

Wata a bayan katanga ta ƙware da dariya. Ƙasa kuwa ta ƙi tsagewa, na roƙe ta.

Kawu ya dubi Baban Ummi, ya dube ni. "Wane ne kuma Haidar?"

Nan na ga idan ban yi sauri ba, daga asiri za a koma wata maganar da ta fi shi muni. Sai bakina ya ɓalle. Ina tsaye a kan turmin na ba su labarin tun daga farko: yadda iyayensa suka rasu yana ƙarami, yadda ya haɗu da Nuratu a asibiti, yadda ta ƙi kula shi, yadda ya yi jinya. Ban san lokacin da na fara canza murya ina kwaikwayonsu ba.

Inna ce ta katse ni. "Shi yaron, ba shi da kowa ke nan?"

"Maraya ne, Inna."

"Ko kawu?"

Na ce, "Ban yi masa ba."

"Ba ki yi masa ba." Ta juya wurin Kawu. "Ka ji rashin imani. Ta kashe masa uwa, ta kashe masa uba, ta bar shi yana rarrafe gaban mace da ƙarfe a hannu. Yo ba dole ya durƙusa ba? Wa zai kai masa goro?"

Kawu ya ce, "Maraya ma da kawunsa. Ni nan nawa na nema wa aure?"

"Kuma ita mara kunyar tana bene tana kallonsa. Uwarta tana ina?"

"Tana Dubai, Inna."

"Ai ga shi nan."

Ban san ko an wanke ni ba ne ko sabon laifi aka ɗora min. Ina nan tsaye sai Ummi ta farka ta fasa kuka. Inna ta ɗan jijjiga ta, ta ƙi shiru. Ta kwance goyon, ta ce, "Sauko min daga turmi, a nan nake daka." Na sauko, ta miƙo min 'yata. Ina ba ta nono Inna ta kama ɗaya hannun, ta naɗe yatsan da zare ta shafa sabulu, ta murza notin ya fita. Ba ta ba ni ba, ta ƙulle shi a bakin zane. Maganar Zungeru ba a sake tayar da ita ba, amma washegari ta aiko wa ɗanta da rubutu a kwalba, wai ko da dai. Ya shanye tas, ya ce gara haka da a sake kawo turmi.

Da wuta ta dawo na goge fejin gaba ɗaya. Na yi wa Ya Haidar kawu, tsoho mai sanda wanda ba ya ji sosai, ya je da goro ya nemo masa Nuratu. Na tura ina jiran zagi. Ɗalibar Gidan Kwano ta rubuto, "Anti, wannan kawun shi ne mutum na farko a littafinki da na yarda yana da rai. A ina kika samo shi?"

Abin da na koya, tun da dole a ce an koyi wani abu: kafin in gwada ko jikin ɗan Adam zai iya, in fara tambayar kaina ko idon suruka zai iya, sannan in sa sakata. Inna dai ta ce ta yarda littafi ne, har takan tambaye ni ko uwar yarinyar nan ta dawo daga Dubai. Amma duk ranar da Baban Ummi ya je gaishe ta, kafin ta amsa sai ta saci kallon gwiwar wandonsa ko da ƙura. Shi kuma mai walda ne, a durƙushe yake wuni.