Darakta Ya Wanke Tarihi

Duk gaɓar yammacin Denmark babu mai idon gane fasali irin na Darakta Preben Skovgaard, kuma shi da kansa ya sha tabbatar da haka. A garin da kowa ke kiran magajin gari da sunansa, shi sai an ce Darakta yake waigowa. Masunta suna kiransa Gwamnan Yashi, ya kuwa ɗauka girmamawa ce.

Allah ya hore masa otal mai kallon teku. Darakta ya zuba wa otal ɗin tayil ɗin Italiya, famfuna ruwan zinariya, da gilashi tun daga ƙasa har sama, don kada teku ta rasa ganinsa. Abu ɗaya ya rage masa a duniya: allon tagulla da hukumar adana tsofaffin gine-gine ke maƙalawa a ƙofar gidan da ta yarda na tarihi ne. Tunanin allon nan har abinci yake hana shi ci.

Tarihi kuwa akwai shi, har kashi biyu. Na garin ya ce kakarsa Dagmar mai kyafa kifi ce, masu zuwa wankan teku suka riƙa bin ƙamshi, ta shimfiɗa musu gado, otal ya tashi. Na Darakta ya fi tsabta. A zauren baƙi ya rataye hoton wani mai gemu da ya saya a gwanjo.

"Kakana ke nan, Kyaftin," yakan gaya wa baƙi, hannu a ƙirji. "Jinin teku. Shi ya zana ginin nan a kan yashi da takobinsa."

Yayarsa Bodil, wadda ke riƙe da kicin, takan ce kakan ya yi kama da ɗan Rasha, amma ba a tambaye ta ba.

Da hukumar ta ce za ta turo wakiliya, Darakta ya zagaya gidan da idon nan nasa, ya tsaya a ɗan ɗakin da ke bayan kicin. Baƙi ƙirin, bango da rufi duk kunkunniya, ga ƙarnin kifi. A nan Dagmar ta yi sana'arta. Kunya ta kama shi har wuya. Bodil ta roƙe shi ya bar ɗakin, ya ce mata mai fiɗar kifi ba ta san fasali ba. Aka kankare, aka wanke, aka shafe da farin fenti, aka jera gadajen tausa da kyandirori masu ƙamshi.

Wakiliyar, wata dattijuwa mai suna Agnete, ta iso a kan keke. Darakta ya tarbe ta cikin farar kwat, ya gabatar da ita ga Kyaftin, ya yi mata lacca kan famfuna ɗaya bayan ɗaya. Ta yi haƙuri har ya tsaya numfasawa.

"Preben, ina ɗakin kyafa kifin?" ta ce. "Shi kaɗai ya rage a gaɓar nan da kunkunniyarsa ta asali. Dominsa muka zo, sauran ai ko'ina akwai."

Ya kai ta ɗakin. Ta sa farce ta ɗan kankari bangon, ta ga ƙarƙashin ma fari ne, domin Darakta ba ya aikin ha'inci. Ya ce a ba shi mako guda, baƙin fenti ba ya wuya. Ta ce hukuma ba ta ba fenti allo, ta hau kekenta.

Tun daga ranar aka fitar da gadajen tausa. Kullum da hantsi za ka ga Darakta a durƙushe cikin ɗakin, yana hura wuta ƙarƙashin kifi, idanu jajur, baƙi na tari a zaure. Jiya Bodil ta leƙa, ta ɗaga kai ta duba rufin.

"Ya fara ɗaukar launi, Darakta," ta ce. "Ka dage. Saura shekara ɗari."