Ƙwayar da Aka Ɗinka wa Rigar Fatar Akuya

"To ita ƙwayar, ja ce ko koriya?" in ji Lawali baduku, basilla a bakinsa.

Na ce, "Baba Lawali, ai ba a ganinta da ido."

"To uban wa na yi kwana uku ina ɗinka wa riga?"

Masu karatu, ku gyara zama. Munira 'yar Mala ta nan Birni ta zo hutu daga ƙasar da take binciken ciwon sankara. Ba zan ɓoye muku ba, ko tsakuwa Munira take bincike, ni Safiyanu sai na haddace sunan kowace tsakuwa. Ta zaunar da ni a zauren babanta, zuciyata na kiɗan kalangu, ta yi mini bayani. Wani gari ne, siriyom oksid, da aka daɗe ana goge gilashi da shi. Ana ƙanƙanta shi har sai dubban ƙwayoyinsa sun jeru a faɗin silin gashi guda, sannan a lulluɓe kowace da wata 'yar riga, polima, don kada su dunƙule, kuma jini ya karɓe su. An ga alamar suna kare lafiyayyen nama, suna takura wa mai sankara. A ina aka gani? A kwanon gwaji da jikin ɓera. Sau uku ta maimaita: ba magani ba ne tukuna, da sauran shekaru.

Sai labari ya kai kunnen Mai Girma Uban Almakashi, Allah ya ƙara wa hannunsa kaifi. Kun san shi, bawan Allahn da ya buɗe famfon unguwarmu sau uku, saura ruwa kawai ya zo. Nan take ya kira atiliye, wato taron bita. Sai dai ga matsala: yaya babban mutum zai ɗauki hoto da abin da ba a gani? Shi ne 'yan kwamiti, masu kaifin basira, suka sa Baba Lawali ya rufe ƙaton gora da jar fatar akuya, har da tuntaye, wai ga ƙwayar da rigarta. Mai shela kuwa ya zaga gari yana cewa maganin sankara ya sauka Damagaram.

Da dariya zan tsaya, ba don Inna Kaltuma ba. Ƙanwar mahaifiyata ce, ita ta goya ni. Sankarar mama gare ta, wata biyar tana jiran randebun gashi a Yamai, wato ranar da asibiti zai gasa ciwon da na'ura, an ba ta ran Litinin. Da ta ji shela sai ta kwance kayanta, ta ce me zai kai ta tafiyar kilomita ɗari tara, ga magani ya zo ƙofar gida. Na yi magiya, na yi kuka, na kawo mata misali daga littafi bakwai. Ta ce in bar ta ta gani da idonta. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ran Asabar na yi awa huɗu a layin esansi a gidan mai, na samu lita ɗaya da rabi, na ɗauko Inna a babur zuwa wurin taron. Duk da haka mun riga Mai Girma isowa. Aka yi jawabi tara. Wani ya gode wa Mai Girma da ya ƙirƙiro ƙwayar, wani ya ce baɗi Zermu za ta fara nomanta. Munira aka ba minti uku. Tana cewa "kwanon gwaji da ɓera", mai kula da tsari ya karɓe makirfo, wai ba a ambaton ɓera gaban manya. Aka yanke ƙyalle, aka yi guɗa, manya suka wuce ɗakin sanyi cin kaji.

Mu kuma aka bar mu da gora. Mata daga Mirriya, wasu an riƙo su, suka yi layi suna shafa fatar suna shafawa a ƙirji. Baba Lawali ya sunkuyar da kai kamar wanda ya yi sata a masallaci.

Da layi ya zo kan Inna, ba ta shafa ba. Ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ta saurara. Ta ɗaga goran da hannu ɗaya, hannun ma mai ciwon. Munira ta durƙusa gabanta, idonta ya kawo ruwa, ta ɗaga murya yadda matan layi za su ji.

"Inna, abin da nake yi, in Allah ya sa ya yi, na jikokinki ne. Naki yana Yamai jibi. Don Allah kada ki bari ya wuce."

Inna ta tambaya ko shi Mai Girma, in jikinsa ya motsa, nan yake zuwa shafa gora. Wani dogarin ƙofa ya ce a'a, ko haƙori ne jirgi yake hawa. Ta jinjina kai, ta ajiye goran a kan kujerarsa mai laushi, ta gyara masa tuntaye.

"Safiyanu, tada babur, tasha za mu. Gobe Yamai zan kwana, ko a kan buhun albasa ne. Wannan kuwa a bar wa Mai Girma, shi ne ciwonsa ba ya jin gashi."