Laktaye Mai Dorina

"Lafiya lau, amma ba gaisuwa ce ta kawo ni ba. Ina laktayena?"

Tsoho Nuhum Jara ke nan yake huci a ƙofar shagon wanki da guga na Sekuba Tarawure, bayan kasuwar Madina a Bamako. Gobe ranar ma'aikata, tsofaffin direbobin kamfanin bas na Dorina za su yi jerin gwano. Dokarsu kuwa ba sani ba sabo: wanda bai ɗaura koren laktaye mai tambarin dorina a wuya ba, sai dai ya tsaya cikin 'yan kallo. Kamfanin ya daɗe da mutuwa, ba a ƙara yin laktayen. Guda ɗaya tal Nuhum yake da shi, shi ne ya kawo guga. Abin takaicin, ɗan gidan Jara ba shi da ikon yin fushi da ɗan gidan Tarawure, abokan wasa ne tun kaka da kakanni.

"Bawana, haka ake zuwa gaban ubangida, ba durƙuso?" in ji Sekuba.

"Ubangidan wa? Kai da kakanka ya ba da gonarsa a kan kwanon wake!"

"Ƙarya kake! Naka kakan ne ya biyo ƙamshin tukunyarmu, har yau ba ku koma gida ba."

"Sekuba, laktayena."

"Wai igiyar akuyar nan? Kun dai ji kunya. Tsofaffi da furfura, ku shaƙe wuya cikin wannan zafi saboda kamfanin da kaji ke ƙwai a motocinsa."

"Kul! Motocin nan su suka kawo ka birni, da tsumma a jiki, da kaza a hammata."

Sekuba ya sosa ƙeya, ya jawo laktayen daga ƙarƙashin tebur. Wayyo! Ashe garwashi ya faɗo daga dutsen guga ya cinye dorinar ƙurmus, sai rami.

"Ka kashe ni, maci wake!"

"Taga na buɗe maka, ƙirjinka ya sha iska."

"Wallahi da ba Tarawure ba ne kai..."

"Da ka yi me?"

Nuhum ya zauna daɓas a benci. "Tun da aka fara jerin nan ban taɓa fashi ba. Gobe in tsaya cikin masu tallan ruwa ina kallon abokaina?"

Sekuba ya shiga ciki, ya fito da wani ƙulli, ya kwance. Koren laktaye ne, dorinarsa ɓul-ɓul.

"Na yaya Mamutu ne. Tun rasuwarsa yake cikin akwati. Ungo, kai shi layinsu, ya gaji da kwanciya."

Mamutun nan shi ne suka yi ta karɓa-karɓar tuƙi da Nuhum a hanyar Segu. Tsohon ya karɓa da hannu biyu, idanunsa suka ciko.

"Warin wake yake yi."

Sekuba ya tuntsire da dariya. "Ɗaura dai, bawa."

"Zo ka ɗaura min, maci wake."